Sallama a Bakin Zaurensa

Tudun Jukun, Zariya
Bayan Babbar Sallah

Zuwa ga Uwata Radiya, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. An yi Sallah lafiya? Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafa tana nan tana yi mini gardamar da ta saba, kunne kuwa ya gama tafiya. Shi ya sa na daina karɓar wayarki, ba fushi ba ne. Sai in ga bakin ƙanwarki Sumayya na motsi, ta miƙo mini abin, in kara a kunne, in ji kamar ana tankaɗe a maƙwabta. To, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan mutane rubuta wasiƙa a firamare ba zai rasa hanyar magana da 'yarsa ba. Jalo direba, mai kai albasa can wajenku, ya yarda zai riƙa kai miki yana karɓo amsa.

Kin ga adireshin da na rubuta a sama ba na gidanmu na Ƙofar Doka ba ne. Ga dalili.

Ran Sallah Ƙasimu ɗan marigayi ƙanena ya zo yi mini barka da Sallah. Rabonsa da zauren nan tun rasuwar mahaifiyarku. Bai zo shi kaɗai ba, ya taho da wani mai ƙaton agogo, wai abokinsa ne. Ana gaisawa da ni, abokin yana kallon azara. Da suka fita na leƙa ta taga, sai ga shi yana bin jikin katangarmu yana takawa a hankali, daga indararo har bakin titi, Ƙasimu na biye da shi yana nuna masa iyaka. Ina raye, ina numfashi, naman layyata ko hucewa bai yi ba.

Kin san yadda abin yake. Ku biyu Allah ya ba ni, babu namiji. Ranar da na faɗi, kashi biyu cikin uku naku ne, sulusi na Ƙasimu. Gidan ƙasa mai zaure ɗaya da rijiya ɗaya ba ya yankuwa uku, alƙali sayarwa zai ce a yi. Ke kina da inda kike. Sumayya fa, da marayunta uku? Ina za ta kai su? A rabonmu na gado ubansa gona ya zaɓa, ni na zaɓi gida. Gonar ta daɗe da shiga hannun wasu.

Saboda haka na ba ku gidan kyauta, ku biyu, a gaban Malam Jibril limaminmu da mai unguwa da shaidu. An rubuta, an sa hannu, Sumayya ta karɓi nata da naki. Washegari na kwashe kayana kaf, har buzu da buta. Sumayya ta karɓi makulli a hannuna, ta sa wa turakata kwaɗo, ni ina tsaye a titi, jama'a na kallo. Yanzu ina ɗaki ɗaya a gidan Dogara, wanda muka koyar tare.

Jalo na tsaye a kaina yana nuna mini agogo. Sauran bayani sai ya sake zuwa. Ki gaishe da yara, ki ce Suhail ya daina rubuta mini suna da ƙaramin baƙi.

Mahaifinki,
Abdulwahab

*

Fatakwal
Watan Muharram

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, ina gaishe ka da ƙafa. Mu nan lafiya lau, sai ƙaramar da ta yi mura ta warke. Maigidan yana gaishe ka.

Baba, ka gafarce ni, ba zan iya jan gaisuwa ba. A tsaye na karanta takardarka a ƙofar asibiti, na shiga aiki hankalina na wani wuri, har wata nas ta karɓe allurar a hannuna ta ce in je in zauna. Layin nan nake ta maimaitawa: ta karɓi makulli, ta sa kwaɗo, kana tsaye a titi. Kai? A gidan da aka haife ka, aka haifi mahaifinka? Kyauta daban, kora daban. Na san halinka, ko mutum ya taka ka sai ka ce ƙafarka ce ta shiga hanyarsa. Kana rufa wa Sumayya asiri ne, ni kuwa ba yarinya ba ce.

Na kira ta. Na faɗa mata maganar da ban taɓa zaton za ta fita daga bakina zuwa ga 'yar'uwata ba. Na ce tun da ta dawo gida da yaranta take ganin ka tsare mata wuri. Ta fashe da kuka, daga ƙarshe ta ce in tambaye ka. Kukan nan bai wanke ta a wurina ba.

Jummai maƙwabciyarmu ma ta kira ni. Ta ce a gidan suna aka yi ta zancen, wai 'ya'yan Malam sun karɓe gida sun jefar da tsoho Tudun Jukun, a hannun wanda ko alƙibla ba ɗaya suke kallo ba. Na kasa cin abinci ran nan. Mu da ake misali da mu a unguwa.

Sannan akwai abin da ya fi wannan damuna. Ba na son Ƙasimu, kai ma ka sani, tun muna yara. Amma idan Allah ya yanka masa sulusi, ni ba na so ka je gaban Ubangiji da haƙƙin wani a wuyanka saboda mu. Gara mu zauna a haya har mu mutu. Ni ban roƙi gida ba, Baba. Uba nake da shi guda ɗaya, ina son shi a ɗakinsa.

Ka koma gida. In kunya kake ji, ni zan sa a zo a kwashe maka kayan.

'Yarka,
Radiya

*

Tudun Jukun
Watan Safar

Uwata,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, da zafinta. Ina lafiya, sai ɗan tari na damina. Allah ya ƙara wa ƙaramar lafiya.

Sunan mahaifiyata na sa miki, ashe har da bakinta kika ɗauko. Ita ma haka take, sai ta gama yanke hukunci sannan ta tambayi abin da ya faru. Kafin ki ci gaba da karatun nan, ki ajiye takardar ki kira ƙanwarki ki ba ta haƙuri. Ni na hana ta yi wa kowa bayani, na ce bakina ne zai yi. Laifina ne da na rubuta miki rabin magana saboda gaggawar direba.

Ga yadda abin yake. A shari'a, faɗar na ba ka da baki ba ta gama kyauta, takarda ma ba ta gama ta. Sai wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa, mai bayarwa na raye, da lafiyarsa. Malamai na kiran wannan hauzi. Wanda ya ba da gidan da yake ciki, dole ya fita da kayansa a ga ya fita, kuma kada ya koma zama sai shekara ta zagayo. In ya koma kafin nan ya mutu a ciki, kyauta ta rushe, gida ya koma gado kamar ba a yi komai ba. Malam Jibril ya ce ya ga gidaje da yawa a birnin nan da suka tafi a kan haka. Uba ya rubuta, ya ci gaba da kwana a ɗakinsa, ya mutu, 'ya'ya su fito da takarda alƙali ya ce su naɗe abarsu. Shi ya sa na ce Sumayya ta sa kwaɗon a gaban mutane. Makullin ya faɗi daga hannunta, ni na ɗauka na sake miƙa mata.

Shekara ɗaya ce, Uwata. Babbar Sallah mai zuwa, in da rai, zan koma in zauna ina cin arzikinku, in riƙa yi muku faɗa a kan shara.

Maganar Ƙasimu kuwa, kin taɓo inda ke mini ciwo. Na tambaya, an ce mai lafiya da hankalinsa yana da ikon ba da abinsa. Littattafaina da ɗan filin nan na bayan ganuwa na bar su a gado, zai sami rabonsa. Amma ko niyyata ta yi daidai, wannan tsakanina ne da Ubangijina, kuma ba zan ce miki ba na tsoro ba. Na auna na ga zan fi iya amsa tambaya a kan sulusin Ƙasimu da a kan marayu uku a titi. In na yi kuskure, ku roƙa mini gafara.

Jummai ta ji da bakinta. Dogara mutumin Wusasa ne, ran Lahadi can yake zuwa coci, ba a yau na san haka ba. Tun da ba na jin kiran salla, shi ke haska mini tocila ta taga da asuba har sai ya ga na motsa. Cikin masu zancen wa ya taɓa yi mini haka? Ɗakin dai ƙarami ne, rufin kwano, bango na tsattsafo da ruwa in an yi mai yawa. Sumayya na kawo abinci kullum da rana, ta koma, don dole a ga ita ke kwana a gidan.

Akwai abu ɗaya da nake so ki sani, don kada wata rana ki sake zaginta. Na sa Sumayya ta rantse mini. Na ce da ita, ni na san kaina. Yau ina da ƙarfi da taurin kai, amma ciwo yana mai da dattijo yaro. In wata rana kafin shekara ta cika na zo ƙofar nan ina roƙonki ki bar ni in shiga, kada ki bari. Wanda zai zo ran nan ba a hayyacinsa yake ba, ki riƙe maganar wannan da ke gabanki yanzu. Ta yi kuka, ta rantse.

Mahaifinki,
Abdulwahab

*

Fatakwal
Watan Jimada

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana samun sauƙi. Ka yi haƙuri da jinkirin nan. Ruwa ya cinye hanya a wajen Lokoja, Jalo ya daɗe bai sauko ba, da ya zo kuma ina aikin kwana muka saɓa. Mu duka lafiya.

Na kira Sumayya tun ran da na karanta takardarka. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai. Yadda ta faɗi ba komai ɗin ya fi zagi ciwo a wurina. Na cuce ta, na sani.

Amma Baba, ka ce ɗan tari. Sumayya ta ce tari ne mai hana ka kwanciya, ka rame, wandonka sai da ta rage masa ƙugu. Ta ce katifarka ta yi funfuna saboda danshin bango. Aikina ke nan, na san abin da ɗaki mai danshi ke yi wa ƙirjin mai shekarunka. Na aiko da magani a hannun Jalo, na rubuta yadda za a sha a jikin kowane kwali. Don Allah kada ka ba Dogara ya ajiye maka a kan taga.

Ga wata magana. Na je wurin wani malami ɗan Katsina da ke karantarwa a masallacin 'yan albasa a nan. Na kwashe komai na faɗa masa. Ya ce duk abin da Malam Jibril ya faɗa haka ne, amma akwai sauƙi a ciki. Wanda ya ba da gida, in ya dawo a matsayin baƙo, ba mai zama ba, ajali ya riske shi a can, kyauta ba ta rushewa. To, ka je wa Sumayya baƙunci mana. Ka yi jinya a turakarka, inda soro ke riƙe ɗumi, ga rana na shigowa ta ƙofa da hantsi, ga gwaibar da ka dasa. In ka warke ka koma wurin Dogara ka cika shekararka. Wa zai hana uba zuwa gidan 'yarsa?

Na nemi hutu sun ce babu ma'aikata, sai bayan azumi. Ina kwana ina tashi da kai a raina.

'Yarka,
Radiya

*

Tudun Jukun
Watan Sha'aban

Uwata,

Wa alaikis salam. Magani ya iso, ina sha, Allah ya yi miki albarka. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ne ya fara nasa iyayin. Jiki da sauƙi wata rana, wata rana babu.

Malaminku ya yi gaskiya. Malam Jibril ya faɗa mini wannan tun farko, ni na ƙi gaya muku. Ki tsaya ki yi tunani. Wa zai tsaya gaban alƙali ya rantse cewa tsohon da ya mutu a kan gadonsa, a ɗakin da ya tsufa a ciki, baƙo ne? Za a ce ya koma, su ce baƙunci ya je, a yi ta ɗaga shari'a. Ƙasimu na da lauya. Sumayya keken ɗinki take da shi.

Kuma ki sani Ƙasimu ya zama ɗan unguwa. Shi da ba ya zuwa ko gaisuwar mutuwa, yanzu a masallacinmu yake sallar la'asar, ya zauna a dakalin da ke kallon zaurenmu da mutum biyu har magariba. Ya ji ba ni da lafiya. Ya zo nan ya duba ni, da lemo a leda, ya rubuta mini a takarda wai bai kamata dattijo kamar ni ya yi jinya a gidan wani ba, shi zai kawo mota ya mai da ni gida. Na sha lemon, na gode masa. Ban ji haushinsa yadda na zata ba. Kamar ubansa ya yi mini a ido, har yadda yake sosa ƙeya. Bashi ya yi masa yawa, ga iyali. Allah ya buɗa masa ta wata hanyar, ba ta kan marayu ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, takardarki ta taɓa ni. Ba ki kyauta ba da kika ambaci hantsin nan. Ran Juma'a na hau keke-napep zuwa masallaci, na ce da mai keken ya bi ta Ƙofar Doka ya rage gudu. Na ga kan gwaibar ta saman katanga. Indararon gabas ya karkace, ki ce da Sumayya ta sa a gyara kafin ruwa ya sauka, in na faɗa mata da kaina kuka za ta yi. Ban sauka ba. Tun da na fita ko inuwar zauren ban taka ba, don kada a sami abin faɗa.

Kwanan nan ina yawan ganin mahaifiyarku in na rufe ido. Jiya na farka ina lalubar ƙofa a inda take a turakata, na yi karo da bango. Dogara ya yi mini dariya, ni ma na yi.

Saura kaɗan. Azumi, ƙaramar Sallah, wata ɗaya, sai layya. Ki taya ƙanwarki riƙe abin da na ɗora mata, kada ki zama mai kwance mata shi.

Mahaifinki,
Abdulwahab

*

Fatakwal
Ƙarshen azumi

Baba,

Assalamu alaikum. Ya ibada? Ina fata ba ka matsa wa kanka da azumi ba, Allah ya ɗauke maka.

Sau biyu Jalo na zuwa hannu wofi. Ya ce ya same ka a kwance, ka dube shi ka tambaye shi ko ɗan wane ne. Sumayya ta ce zazzaɓi na zuwa yana tafiya, wani lokaci kana kiranta da sunan Inna. Ban sani ba ko za ka iya karanta wannan, amma zan rubuta da manyan baƙaƙe.

Na ji duk abin da ka faɗa, kuma na san ka fi ni gaskiya. Duk da haka ba na son gidan. Wallahi ba na so. A sayar, a ba Ƙasimu nasa, ni zan ɗauki Sumayya da yaranta mu zauna tare ko a ɗaki ɗaya ne. Ka koma gida, Baba. Ka koma ɗakinka.

Sun ce za su sake ni tsakiyar wata mai kamawa. Ka jira ni.

'Yarka,
Radiya

*

Ƙofar Doka, Zariya
Watan Shawwal

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba mu ikon jurewa. Yara lafiya, suna gaishe ki. Dogara ma ya ce in gaishe ki, shi kansa tun ran nan bai koma daidai ba.

A waya na ce miki ya cika cikin sauƙi, kuma haka ne. Amma akwai abin da na kasa faɗa da baki. Kin ce za ki taso mako mai zuwa, Jalo kuwa gobe zai tashi. Ina so ki karanta wannan kafin ki iso, don kada ki fara ji a bakin Jummai.

Ran Lahadin da ta bi Sallah, Dogara ya tafi Wusasa da matarsa, sun bar Baba yana barci. Ni kuma ina gida ina haɗa masa kunu zan kai. Ashe ya tashi, ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya naɗe buzunsa a hammata, ya ɗauki buta, ya fita titi ya tare keke-napep. Yadda ya iya wannan da jikin nan, Allah kaɗai ya sani.

Bayan la'asar ne. Ina tsakar gida na ji sallama a zaure. Yaya, muryar da muka tashi da ita, yadda yake yi in ya dawo daga makaranta. Ludayin ya faɗi daga hannuna. Na fito na same shi a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofar. Ya yi mini murmushi. Ya ce, "Ce wa Innarku ta buɗe mini turaka, na gaji."

Ƙasimu na kan dakali da mutanensa biyu, masallaci bai gama watsewa ba. Ya taso da sauri ya kama masa hannu, yana nuna masa ciki, yana cewa, "Baffa, shiga mana, ai gidanka ne." Ya juya ya ce da mutanen, "Ku shaida, ya dawo da kayansa."

Na tsaya a tsakiyar ƙofar na riƙe gefe da gefe. Na ce, "Baba, mu koma wurin Dogara." Kin san kunnensa. Bai ji ba, ya matso zai raɓa ta gefena. Na sake faɗa, bai ji ba. Yana ta murmushi yana cewa in ba shi hanya, ƙafarsa na ciwo, kwanciya kawai zai yi. Jikinsa zafi kamar an sauke tukunya. Na tuna ranar da ya sa ni rantsuwa, na dubi yarana a bayana sun yi cirko-cirko. Babu yadda zan yi ya ji sai da ƙarfi. Na kai bakina kunnensa na ɗaga murya iyakar ƙarfina, na ce, "Baba, nan ba gidanka ba ne. Ba za ka shiga ba."

Duk layin ya ji. Masu fitowa daga masallaci suka tsaya da takalma a hannu. Wata mata ta ce innalillahi.

Ya daina murmushin. Ya dube ni, ya daɗe, ya ɗaga kai ya dubi saman zauren. Sai ya janye ƙafarsa daga dokin ƙofa. Ya ce, "To. Ku yi haƙuri, baiwar Allah. Na ɗauka gidanmu ne."

Har yau ban sani ba ko ya gane ni. Wani lokaci in ce ya dawo hayyacinsa ne ya faɗi haka don shaidu su ji, irin dabararsa. Wani lokaci in ce a'a, tsoho ne marar lafiya wata mata ta kore shi daga ƙofar uwarsa. Ba wanda zai faɗa mini.

Ya ce ko za a taimaka masa da ruwa. Na shiga na jawo a rijiyarmu, na kawo masa a moɗa har waje, ya sha a tsaye a titi kamar mai wucewa, ya yi godiya. Ƙasimu ya saki hannunsa tun tuni. Ban ga ya ji daɗi ba, ya koma dakali ya dafe kai. Na sa hijabi na tare keke na mai da Baba Tudun Jukun. Har muka isa yana riƙe da buzunsa.

Daga ran nan bai ƙara tashi ba. Ran Alhamis da hantsi ya cika, kansa a cinyata, Malam Jibril na yi masa kalma, Dogara na tsaye a bakin ƙofa yana hawaye. Da na cire masa rigar na sami takardarki ta ƙarshe a aljihu, ta yi laushi saboda buɗewa. Ban faɗa don ki ji ciwo ba. Ke kin rubuta abin da ke zuciyata ni ma kullum, ni rantsuwa ce ta ɗaure ni.

A gida aka yi masa wanka. Ni na cire kwaɗon da hannuna, aka shimfiɗa shi a turakarsa. Malam Jibril ya ce yanzu babu laifi.

Bayan sadakar uku Ƙasimu ya je wurin Malam Jibril da mai unguwa. Suka ce da shi kyauta ta tabbata, ya fita da rai da lafiya, bai koma ba, kuma shaidun da ya kawo da kansa su ne suka ji an hana shi shiga. Ya karɓi rabonsa na fili da littattafai bai yi gardama ba. Mai agogon bai sake zuwa ba.

Gida ya zama namu, Yaya. Yarana suna da inda za su kwana har su girma, yadda ya so. An gyara indararon. Matan unguwa sun zo gaisuwa, sun zauna nesa da ni, wasu ko ruwa ba su sha ba. Na san sunan da suke kirana da shi, ban damu in gyara musu ba, don abin da suka ji da kunnensu na faɗe shi. In zan fita yanzu ta ƙofar baya nake bi, ta gidan Jummai, duk da bakinta.

Na share miki ɗakin Inna. Ki taho da maganin barci in kina da shi. Abu ɗaya nake roƙonki. In kin iso, kada ki tsaya a zaure ki yi sallama. Ki turo ƙofa ki shigo kawai.

Ƙanwarki,
Sumayya